Yadda ake zuwa baje kolin alƙaluman tawada a dawo da abin kirki

Alƙalamin da nake nufi a nan ba biro ba ne. Wanda ake ɗura wa tawada daga kwalba nake nufi, irin wanda tsofaffin malaman makaranta da akawunan En'e suke maƙalawa a aljihun gaba. Masu tara irinsa suna da kasuwarsu da ke ci sau ɗaya ko sau biyu a shekara a wasu manyan birane. Wadda na fi zuwa ita ce ta Washinton, da ake yi a watan Agusta a wani otal da ke Falls Church ta jihar Birjiniya, kuma tana cikin mafiya girma a duniya. Akwai ta Landan da ke ci sau biyu a shekara, akwai ta Madrid a watan Nuwamba, akwai ta Shikago da San Faransisko da Tokiyo. Tsarinsu kusan ɗaya ne: babban zaure, tebura a jere, a kan kowane tebur alƙaluma kwance cikin tire, mai su yana zaune a baya. Wanda ya iya shiga ɗaya ya iya shiga sauran.

Sabon alƙalami ko daga ɗakinka ka saye shi ta intanet. Abin da ke kai mutum baje koli shi ne ya riƙe da hannunsa, ya duba da idonsa, ya gwada a takarda, ya kuma zauna gaban masu gyara.

Kayan da za ka riƙe

Gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, mai ninka abu sau 10. Wannan shi ne kan gaba. In ba ka samu ba, kyamarar wayarka za ta ɗan yi maka aiki, amma ba ta kai shi ba, kuma da wuya ka rasa mai sayar da shi a cikin zauren.

Ƙaramar tocila. Fitilar waya ma ta wadatar.

Littafin rubutu na takardar da ka saba amfani da ita a gida ko ofis. Masu tebur sukan ajiye takarda mai santsi irin su Rhodia ko Tomoe River, wadda ko wane gurgun alƙalami sai ya yi gudu a kanta. Kai kuwa a takardar ofis za ka yi rubutu in ka koma, don haka a kanta za ka yi gwaji.

Jakar alƙaluma mai gida-gida, wadda ba za su riƙa gogar juna ba. In babu, safa mai tsabta ko tsumma mai laushi, kowanne a naɗe shi daban.

Ledoji masu zif, da tsumma ko tishu na goge hannu.

Tsabar kuɗin ƙasar, a ƙananan takardu. Manyan kamfanoni suna karɓar kati, amma tsofaffin dillalai da yawa sun fi son kuɗi a hannu, kuma da shi ciniki ya fi faɗawa. Katin bankinmu na gida kuma ba abin dogaro ba ne a waje. Ka sani cewa in kuɗin da ke jikinka ya haura dala 10,000, dokar Amurka ta wajabta ka bayyana shi a filin jirgi.

Takalmi mai daɗin tafiya, gorar ruwa, da riga mai duhu. Farar shadda ka bar ta a akwati.

Sai alƙalumanka biyu ko uku: wanda ka fi jin daɗinsa, don ka riƙa auna sauran da shi, da waɗanda ke buƙatar gyara.

1. Ka fara da biza da masauki

Ranakun baje kolin suna fitowa watanni kafin lokaci. Biza ce ke cin lokaci, kuma dokokinta suna yawan canzawa, don haka kada ka biya kuɗin jirgi ko otal da ba a mayarwa sai ta fito. In ta Amurka ta gagara, ta Landan ma kasuwa ce babba, kuma can ne aka fi samun alƙaluman Ingila irin su Conway Stewart da Swan da Onoto. Yawancin waɗanda na sani daga gida ba takanas suke zuwa ba, haɗawa suke yi da wata tafiyar aiki ko ziyarar 'yan'uwa, kuma hakan ya fi hankali.

In da hali, ka kwana a otal ɗin da ake taron. Za ka iya hawa ɗaki ka ajiye kaya, ka yi salla, ka huta, ka sauko.

2. Ka zaɓi tikitin da ya dace da niyyarka

A Washinton ana kwana huɗu, Alhamis zuwa Lahadi. Akwai tikitin yini ɗaya mai sauƙin kuɗi, akwai kuma na dukan kwanakin mai tsada, wanda ke ba ka damar shiga da wuri tare da dillalai. In tsofaffin alƙaluma kake nema, na biyun ya biya kuɗinsa, domin abin da ya fi kyau yakan canja hannu tsakanin dillalai tun kafin a buɗe wa jama'a ƙofa. In kallo da sabbin kaya ne kawai, na yini ɗaya ya isa.

Asabar ita ce ranar cinkoso, har sai ka yi turereniya kafin ka ga tebur. Juma'a ta fi min. Masallacin Dar Al-Hijrah yana nan cikin Falls Church, ba nisa a mota, sai ka tsara fitarka da dawowarka tun da safe.

3. Ka rubuta abin da ya kai ka, da iyakar kuɗinka

Kafin ka bar gida ka rubuta alƙaluma uku, kada su wuce biyar. Kowanne ka san shekarun da aka yi shi, da yadda ake ɗura masa tawada, da farashin da ake sayar da shi a 'yan watannin nan. Wanda ya shiga ba tare da wannan takarda ba, ƙyalƙyali ne zai ja shi.

Ga mai farawa, ga abin da nake ba da shawara. Parker 51 ya fito a 1941, kuma daga 1948 aka koma yin sa da wata jakar tawada mai tauri da ake matsawa da yatsa, samfurin da ake kira Aerometric. Da yawansu har yau wanki kawai suke buƙata su ci gaba da aiki. Esterbrook J na Amurka yana da araha, kuma bakinsa kwancewa ake yi kamar noti, in bai yi maka ba ka sauya wani. Pelikan 400 na shekarun 1950 ɗan Jamus ne mai fistin zuƙo tawada a ciki, yana shan tawada da yawa. Sheaffer Snorkel na 1952 abin sha'awa ne, wani siririn bututu ke fitowa daga ƙarƙashin bakinsa ya zuƙo tawada, amma cikinsa yana da sarƙaƙiya. Kada ka saye shi sai wanda aka riga aka gyara.

Kuɗin kuma ka raba shi uku: kashi mafi girma na abin da ke cikin takardarka, kashi ɗaya na gyara da tawada, sai ɗan abin da ka ware don abin da ba ka zata ba. Wannan na ƙarshen ka sa shi a wani aljihu daban.

4. Da shigarka, ka nufi teburin masu gyaran baki

Wannan ne kuskuren da kusan kowane sabon zuwa yake yi: ya tsaya kallo, sai azahar ya tuna da alƙalamin da ya kawo gyara, ya tarar layi ya cika. Masu wasa bakin alƙalami 'yan kaɗan ne, kowannensu yana da takardar rubuta suna a kan teburinsa, kuma takan cika da sassafe. Wasu ma tun kafin ranar suke karɓar sunaye ta intanet. Ka rubuta sunanka da lambar waya, sannan ka tafi yawonka.

In lokacinka ya yi, ka zauna ka yi rubutu a gabansa yadda ka saba, kada ka gyara riƙonka don kunya. Yana kallon yadda ka karkata alƙalamin da nauyin hannunka ne. Ka gaya masa damuwarka a fili: yana kartar takarda, ko yana yanke tawada, ko ya cika zuba. Zai gyara ya miƙo maka, ka gwada, ka mayar, har sai ya yi. Kada ka ce ya yi alhali bai yi ba, in ka bar kujerar nan sai baɗi.

Ga masu rubutun ajami ko Larabci akwai wani wasin baki da ya kamata ku sani. Ana kiransa bakin masu zanen gini, wasu kuma suna ce masa bakin Larabci. Layin da ya kwanta yakan fito da kauri, wanda ya miƙe tsaye ya fito siriri, kusan yadda alƙalamin kara yake yi in an fere shi da kyau. Ka kawo alƙalami mai kaurin baki, domin ragewa ake yi, ba a ƙarawa. Ranar da aka fara yi min, mai gyaran ya ce in rubuta wani abu, na rubuta layi biyu na ajami daga dama zuwa hagu. Ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa, ya ce in sake a hankali yana kallo, sannan ya ɗan ƙara karkata wasin. Har yau shi nake sa hannu da shi.

5. Zagayen farko, hannu a aljihu

Ka zaga zauren kaf ba tare da ka sayi komai ba. Zai ci maka awa biyu ko fiye. Duk abin da ya burge ka, ka rubuta wurin teburin da farashin, domin bayan tebur hamsin duk sun zama iri ɗaya a idonka. Sau da yawa alƙalamin da ka gani kusa da ƙofa za ka same shi a can ƙurya, ya fi lafiya, ya fi sauƙi.

Togaciya ɗaya ce: in ka ga abin da ke cikin takardarka, wanda ka san ba a cika samunsa ba, lafiyarsa ƙalau, farashinsa daidai, to ka ɗauka. In ka ce sai ka dawo, wani ya riga ka.

6. Ladabin tebur

Ka gaida mai tebur, ka nemi izini kafin ka taɓa. Ka tambaya ko murfin murɗawa ake yi ko zarewa. Na Parker 51 zarewa ake yi, na Parker Vacumatic murɗawa, kuma wanda ya fizgi murfin murɗawa zai iya lalata zaren murɗawar alƙalamin da ya shekara tamanin. Kada ka kifa murfin a gindin alƙalamin. Kada ka ja 'yar libar ɗura tawada da ke gefensa, in jakar ciki ta bushe ta ƙage, libar ce za ta karye. Kada ka danna baki a kan farce ko takarda don ka ga yadda yake buɗewa sai an ce ka yi. Ka riƙe shi a saman teburin, ba a saman ƙasa ba. Jakar bayanka kuma ka sauke ta ka riƙe a hannu, kada ka juya ka share wa mutum tire guda.

7. Duba tsohon alƙalami

A nan ne kuɗi ke tsira ko ya salwanta, don haka kada ka ji nauyin ɓata lokaci. Dillalin kirki ba ya jin haushin mai fito da gilashi.

Fara da leɓen murfi. Ka zagaya shi da farce a hankali, sannan da gilashi. Nan ne tsaga ta fi ɓuya, siririya kamar gashi. Daga nan ka duba zaren gangar jikin inda murfi ke murɗuwa, da kewayen liba. Ka haska tocila ta cikin murfin, tsagar da ido bai gani ba haske zai tona ta.

Ni kaina na sha wannan. A zuwana na biyu na ga wani Vacumatic mai ratsin ruwan zuma, na ƙyalla ido, mai teburin ya yi min ragi ba tare da na roƙa ba, na biya ina murna. Sai da dare a ɗaki na ga tsaga a leɓen murfin, daidai ƙarƙashin zoben. Gilashin yana aljihuna duk tsawon cinikin, ban fito da shi ba don kada a ce na raina mutum. Da safe na koma, teburin wayam, ya tafi.

Sai baki. Ka kalle shi ta gaba da gilashi. Harsunansa biyu su zama a daidai, babu wanda ya hau wani. A ƙarshen kowanne akwai ɗan ƙwallon ƙarfe mai tauri da ake kira iridiyam, ka tabbata duka biyun suna nan. In ɗaya ya fita, gyaran yana da tsada kuma masu yin sa kaɗan ne. Ka duba ko akwai tsaga da ta taso daga ɗan ramin da ke tsakiyar bakin. Ka karanta abin da aka rubuta a kai: 14K ko 585 zinare ne mai karat 14, 18K ko 750 mai karat 18. Sunan da ke kan bakin ya dace da na gangar jiki, domin ana haɗa murfin wannan da jikin wancan da bakin wani. Irin wannan haɗin gambiza zai iya yin rubutu lafiya, amma kada ka biya masa kuɗin na asali.

Tunda zancen zinare ya zo: wasu 'yan'uwa maza sukan yi ƙyanƙyamin amfani da bakin zinare. Wannan tambaya ce ta malaminka, ka yi ta kafin ka taso. Bakin ƙarfe masu kyau suna nan da yawa, yawancin na Esterbrook ƙarfe ne, haka na Lamy Safari.

Ka duba rubutun kamfani da ke jikin gangar, ko ya fito raɗau ko ya shafe. Ka duba maƙalin aljihu da zobba, ko ruwan zinaren ya goge tagulla ta fito. Launin jiki ya zama ɗaya da na murfi. In jikin ya fi duhu, tsohuwar jakar roba ce ta ɓata shi daga ciki, kuma ba ya gyaruwa. In ka ga ƙarshen alƙalamin ya yi haske kamar alewa da ƙananan tsage-tsage a ciki, robar ce ta fara rugujewa. Ajiye shi, ko da kyauta ne, domin yana iya shafar na kusa da shi a jaka.

Wanda aka zana sunan tsohon mai shi a jiki yakan faɗi a farashi. In rubutu za ka yi da shi, wannan garaɓasa ce.

Daga nan ka yi tambaya uku. An gyara shi? Yaushe aka sa masa sabuwar jaka? In na je ɗaki ya ƙi shan tawada, zan iya dawo da shi gobe? Sannan ka nemi izinin tsoma bakin a tawada ka gwada a littafinka. Ka rubuta jimla cikakkiya da irin saurin da ka saba, ka ja layi sama da ƙasa, hagu da dama. Ka tuna tsomawa tana nuna maka santsin baki ne kawai, ba ta nuna ko cikin yana aiki. Don wannan sai a gwada zuƙo ruwa a kofi, masu tebur da yawa suna ajiye shi.

8. Hattara da jabu

Montblanc ne aka fi kwaikwaya, har da samfurin 149. Na gaskiyar fistin ne a cikinsa, ana murɗa gindinsa ya zuƙo tawada. In aka buɗe maka 149 ka ga kwanson tawada na roba da ake cirewa, tashi ka ba shi wuri. In bakinsa na ɗauke da rubutun Iridium Point Germany, shi ma ba nasu ba ne. Baƙar robar ta gaskiya takan nuna ja-ja in ka haska ta da tocila mai ƙarfi, amma wannan shi kaɗai ba hujja ba ne. Hero 616 na ƙasar Sin kuma yana kama da Parker 51 ƙwarai. Ba jabu ba ne, da sunansa yake yawo, sai dai kada a sayar maka da shi a matsayin wancan. In kana shakka, ka nemi izini ka nuna wa wani dillali. Wanda ya hana ka, ya ba ka amsa.

9. Ciniki

Ana ciniki, amma ba irin na Kantin Kwari ba. In ka taya rabin kuɗi, mutumin zai ɗauka zagi ne, ya mayar da alƙalaminsa tire. Ka tambaye shi iyakar abin da zai iya ragewa, ka yi shiru. In ka ga aibi, ka nuna shi cikin ladabi, ba da kushe ba. Sayen biyu ko uku a tebur ɗaya da biyan tsaba su ne ke kawo ragi na gaske. Teburan manyan kamfanoni da masu ƙera alƙalami da hannunsu ba a cika taya musu ba.

Lahadi da rana wasu sukan sassauta don ba sa son komawa da kaya, sai dai a lokacin an riga an tsince na kirki, wasu kuma sun naɗe tun hantsi. Ka karɓi katin adireshin duk wanda ka saya a wurinsa, ka rubuta a bayansa abin da ka saya da nawa.

10. Kada ka kwanta da wuri

Bayan an rufe zaure mutane sukan taru a harabar otal, kowa ya baje jakarsa, ana miƙa wa juna alƙaluma. Da yawa a wajen shan giya suke zama, amma ba dole sai ka sha ba, da shayinka ko lemonka za ka zauna, akwai kuma masu zama a kujerun falo. A nan na fara riƙe alƙaluman da ba zan iya saye ba, a nan kuma na gane cewa siririn bakin Japan, na Pilot ko Sailor ko Platinum, ya fi na Turai sirantaka ko da harafin nuna kaurin baki da ke kansu ɗaya ne. Ka zo da abin nunawa. Na taɓa kai alƙalamin kara da 'yar kwalbar tawadar allo, sai da suka zaga tebur uku kafin su dawo hannuna.

11. Tawada da komawa gida

Tawada ka saye ta a ƙarshe, saboda nauyi. Ga tsofaffin alƙaluma ka tsaya kan masu sauƙin wankewa, irin su Parker Quink, da shuɗiyar Waterman, da Pelikan 4001. Masu ƙyalli da masu kauri ka bar wa sababbin alƙaluma. Kowace kwalba ka ƙara ɗaure murfinta, ka sa a leda mai zif, ka naɗe da tufafi a babban akwati. A jakar hannu galibin filayen jirgi ba sa barin kwalbar da ta wuce mililita 100.

Alƙaluman kuwa a jakar hannu za su zauna, kuma babu tawada a cikinsu. In jirgi ya yi sama, iskar da ke cikin alƙalami takan kumbura ta turo tawada waje. Na taɓa sauka da taswira shuɗiya a ƙirjin farar riga saboda wannan. In dole ne ka bar ɗaya da tawada, ka cika shi fal, bakinsa yana kallon sama.

Da ka isa gida ka wanke kowanne da ruwan sanyi zalla, ka zuƙa ka fitar har ruwan ya fito fari. Ban da ruwan zafi, ban da sifirit, ban da kananzir. Tsofaffin baƙaƙen alƙaluma na roba mai tauri ba a jiƙa su, launinsu yakan koma ruwan ƙasa, rana ma haka take yi musu. Wasu Conway Stewart an yi su ne da wani sinadari na madara, in suka kwana a ruwa sai su kumbura su lalace. Kada ka bar alƙalami a mota da rana, zafinmu yana gasa jakar roba. Da hunturu tawada takan bushe a baki da wuri, don haka wanda ba za ka yi rubutu da shi cikin mako biyu ba, ka wanke shi ka ajiye.

Tawadar allo kuma kada ta kusance su. Ƙaron da ke cikinta da garin gawayi za su toshe siraran hanyoyin da ke ƙarƙashin bakin, kuma in suka bushe a can sai an wargaza alƙalamin gaba ɗaya kafin a fitar da su. Haka tawadar zane ta masu zanen gini da tawadar hatimi. Ka ajiye kwalaben a wuri daban, ka kuma gaya wa yaran gida wacce ce ta wane.